DAGA FAƊOWA ZUWA SAUKOWA: TARIHIN DAWO DA GAƁAR FARKO TA ROKA, 1952-2025

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bin tarihin wata matsala guda ta injiniyanci, watau yadda za a dawo da babbar gaɓar farko ta roka ƙasa lafiya, a sake cika ta da mai, ta sake tashi. Mun ɗauko zancen daga hamadar Sahara da birnin Kano, inda tarihin ya fara giftawa kusa da mu, har zuwa shekara ta 2025. Abin da muke son nunawa shi ne, ci gaban da aka samu cikin waɗannan shekaru yana tattare cikin bambancin da Hausa take yi tsakanin faɗowa da saukowa, kuma daga wannan bambanci ya kamata a gina kalmomin koyar da fannin.

0. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 abubuwa biyu sun faru a Nijar, waɗanda a ido ba su da dangantaka. Na farko, sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Na biyu, kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance, ta yadda mai shago a Maraɗi ko ɗan kasuwa a Tsibiri zai iya ɗora faranti a kan rufi ya kama intanet kai tsaye daga sama. Taurarin ɗan Adam da farantin yake magana da su dubbai ne, kuma abin da ya sa aka iya kai dubbai sama cikin ƴan shekaru shi ne rokar da take kai su ba ta mutuwa a tafiya ɗaya. Ke nan harshen da aka ɗora wa nauyin ƙasa ya sami kansa gaban wata fasaha da ta riga ta iso gida, alhali bai gama yi mata suna ba.

Za mu fara da kalmomin da muke da su a hannu (1), mu bayyana dalilin da ya sa ake yar da gaɓoɓin roka (2), sa'an nan mu bi tarihin zango uku: zamanin faɗowa (3), zamanin laima (4), da zamanin saukowa a kan wuta (5 da 6). A ƙarshe za mu duba abin da ya shafe mu (7).

1. Kalmomin da muke da su

Kalmomi uku ne suka fi yawo. Kumbo tsohuwar kalma ce, sunan mazubi na ƙwarya, wadda aka ara wa jirgin sararin samaniya tun zamanin Afolo; waƙar Alhaji Mamman Shata a kan Afolo 11 ta taimaka wajen kafa ta a bakin jama'a. Sunan Afolo shi kansa ya kama wata hanya, domin ciwon idon nan mai yaɗuwa da ya ɓulla a Gana cikin 1969, shekarar da aka taka wata, har yau da shi ake kiransa. Roka ta shigo daga Ingilishi ta gidajen rediyo, yayin da ƴan boko na Nijar suka fi sabawa da fusée ta Faransanci. Ta uku ita ce harba: ana cewa an harba kumbo, kamar yadda ake harba kibiya ko harsashi. Zaɓen wannan aikatau ya dace da gaskiyar lokacinsa, tun da abin da aka harba ba a jiran dawowarsa.

Amma jama'a ba su cika bambanta kumbo da roka ba, kuma nazarinmu yana bukatar bambancin. A nan kumbo shi ne abin da ake son kaiwa, mai ɗauke da mutane ko na'urori. Roka ita ce abin da yake kai shi. Roka kuwa jere ce ta sassa, ɗaya bisa ɗaya, kamar karan dawa ko rake, don haka za mu kira kowane sashe gaɓa (étage), ko da yake masu nazarin harshe sun riga sun ba kalmar wani aiki a fannin furuci. Gaɓar farko, wadda take ƙasa, ta fi kowace girma da tsada, za mu kira ta matunkuɗi, bisa tsarin sunayen kayan aiki irin su mabuɗi da masassabi.

Sauran abin lura yana cikin aikatau. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar cikin 1960, aikatau masu ƙarewa da -o, watau aji na 6, suna nuna aikin da ya nufo wajen mai magana: koma da komo, faɗi da faɗo, sauka da sauko. Faɗo da sauko duka sun nufo ƙasa, amma ba ɗaya ba ne. Mangwaro yana faɗowa, mai hawan bishiya yana saukowa. Idan aka ce mai hawa ya faɗo, kowa ya san an yi hatsari. Mai saukowa yana da ikon saurinsa, da lokacinsa, da inda zai sa ƙafa. Wannan iko uku shi ne ma'aunin da za mu auna kowane zango na tarihin da shi.

2. Dalilin yar da gaɓa

Domin abu ya zauna a falaki, watau ya riƙa kewaya duniya bai faɗo ba, sai gudunsa ya kai kimanin kilomita 28.000 a awa. Tun 1903 malamin makarantar nan na Rasha, Konstantin Tsiolkovski, ya fitar da lissafin da yake nuna tsadar wannan gudu: roka tana tafiya ne ta hanyar watsa iskar ƙuna baya, kuma dole ta ɗauki man da za ta ƙona nan gaba, ga kuma man da zai ɗauki wannan man. Sakamakon shi ne, wajen kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi mai ne da ruwan oksijen. Kayan da ake kaiwa falaki ba su cika wuce kashi 4 ba.

Da irin wannan ƙuncin lissafi, duk tankin da ya ƙare ya zama kaya. Maganin da aka samo shi ne gaɓa-gaɓa: idan matunkuɗi ya ƙone mansa cikin minti biyu zuwa uku, sai a sake shi, gaɓa ta biyu ta ci gaba da sauƙin nauyi. Rokokin farko kuma ƴaƴan makamai ne, tun daga V-2 ta Jamus da ta fara tashi cikin 1942. R-7 da ta kai Sputnik cikin 1957 da Atlas ta Amurka duka an ƙera su ne don ɗaukar bam. Makami ba ya dawowa, kuma injiniyoyin da suka gaji zanensa ba su ga dalilin ƙara masa ƙafafu ba.

Ta fuskar kuɗi kuwa abin ya yi kama da wauta. Kuɗin man da roka take sha bai kai kashi 1 cikin 100 na farashin tashinta ba. Tsadar tana cikin injuna da gangar jiki. A misalta da wani alhajin Maraɗi da zai loda wa sabuwar tirela wake zuwa Kano, idan an sauke kaya ya banka mata wuta, ya koma ya sayi wata don lodin gobe. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, domin gwamnatoci ne suke biya, kuma abin da suke nema shi ne riga abokin hamayya isa.

3. Zamanin faɗowa: Hammaguir da Kano

3.1. Babban filin harba roka mafi kusa da mu a wancan zamani yana cikin Sahara, a Hammaguir, kudu da Colomb-Béchar a Aljeriya. Faransa ta fara gwada rokarta Véronique a can cikin 1952. Abin da ya kai ta hamada shi ne neman fili marar jama'a inda gaɓoɓi za su faɗo ba su kashe kowa ba. Ran 18 ga Oktoba 1963 aka ɗora wata kyanwa mai suna Félicette a kan Véronique, ta haura kusan kilomita 150, kan rokar ya rabu, ya dawo da ita da rai a ƙarƙashin laima. Gangar rokar kuwa ta faɗo cikin yashi. Ran 26 ga Nuwamba 1965 roka Diamant ta kai Astérix falaki daga wannan fili, Faransa ta zama ƙasa ta uku da ta kai tauraronta da rokarta. Yarjejeniyar Évian ta 1962 ta ba ta wa'adin shekara 5, ta bar filin cikin 1967, ta koma Kourou a Giyana, inda teku ya maye gurbin hamada a matsayin juji.

3.2. A daidai wannan lokaci Amurka ta kafa jerin tashoshi 18 a kewayen duniya don bin diddigin kumbon Mercury, biyu daga ciki a Afirka ta baƙar fata: Kano da Zanzibar. Ran 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau 3 cikin awa kusan 5. A zagayen farko, da ya ratso Afirka ta yamma, ya ba da labarin yana hango ƙura tana tashi a ƙasa, tashar Kano kuma ta tabbatar masa da cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Watan Fabrairu ne, kowane Bahaushe ya san sunan wannan iska. Tsakanin Maraɗi da Kano bai kai kilomita 250 a miƙe ba, watau tafiyar rabin minti ga kumbon. Ran 23 ga Agusta 1963 kuma shugaba Kennedy da firayim minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta tarho ta tauraron Syncom 2, karo na farko tsakanin shugabannin gwamnati.

Tafiyar Glenn ta nuna rabon aikin da aka yi a lokacin. Duk hikimar dawowa an zuba ta a kan kumbo: garkuwar zafi, ƙananan rokokin birki, laima, jiragen ruwa masu jira. Rokar Atlas da ta kai shi an bar ta tana juyi a bayansa, ta ƙone a iska bayan ƴan awoyi, aka tsinci guntayenta a wata gona a Afirka ta Kudu. Saturn V ta kai wannan tsari matuƙa. Tsawonta mita 110, nauyinta wajen ton 2.900, ta tashi sau 13 tsakanin 1967 da 1973, amma abin da yake dawowa daga tafiyar wata shi ne ɗan kumbo na ƙasa da ton 6. Injunan matunkuɗinta sun kwanta a gindin tekun Atilantika har 2013, lokacin da aka tsamo wasu a murƙushe don ajiye su a gidan tarihi.

3.3. Akwai wata hanya da aka gwada a Afirka ba ta ɓulle ba. Kamfanin OTRAG na Jamus ta Yamma, ƙarƙashin Lutz Kayser, ya ce maimakon a dawo da roka, a ƙera ta da bututu masu araha har yar da ita ya daina zafi. Ya yi gwaji a lardin Shaba na Zayar cikin 1977 da 1978, matsin lambar manyan ƙasashe ya kore shi cikin 1979, ya koma kusa da Sabha a kudancin Libiya cikin 1981. Bai taɓa kai komai falaki ba.

4. Zamanin laima: 1981-2011

Yunƙurin farko na gaske shi ne jirgin da Faransanci ya kira navette, sunan ƙoshiyar masaƙi mai kai da kawo. Mu za mu ce kumbon je-ka-ka-dawo. Ya fara tashi ran 12 ga Afrilu 1981, ya yi tafiya 135 kafin a ajiye shi cikin Yuli 2011. Sassansa uku ne: kumbo mai fikafikai da yake sauka a filin jirgi, babban tanki da ake yarwa, da matunkuɗai biyu masu sandararren mai, kowane mai tsawon mita 45. Bayan minti 2, a tsayin kilomita 45, matunkuɗan suna rabuwa, su buɗe manyan laimomi uku-uku, su bugi ruwa da gudun kilomita 80 a awa. Jiragen ruwa biyu, Liberty Star da Freedom Star, suna jawo su zuwa gaɓar teku. Cikin 270 da aka harba, 4 kaɗai ba a tsamo ba.

Idan muka auna da ma'auninmu, wannan rabin saukowa ce. Laima tana rage sauri, amma ba ta zaɓar wuri, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe. Kowane matunkuɗi sai an wargaza shi gunduwa-gunduwa, a wanke, a kai gunduwoyin ta jirgin ƙasa har jihar Utah a sake cika su, a dawo da su Florida a haɗa. Aikin ya fi kusa da na maƙerin da yake kwance tsohuwar mota ya tayar da wata da sassanta. Idan aka raba kuɗin shirin baki ɗaya da yawan tafiye-tafiyen, kowace tafiya ta ci fiye da dala miliyar ɗaya. Kuma a mahaɗin waɗannan gunduwoyi ne zoben roba ya sandare da sanyi ran 28 ga Janairu 1986, wuta ta ɓullo, Challenger ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da mutum 7 a ciki.

A nan ma Afirka ta yamma tana cikin lissafi. Idan inji ya mutu bayan an yi nisa, an tsara kumbon ya tsallako Atilantika ya sauka a Dakar, daga 1988 kuma a Banjul ta Gambiya. Ba a taɓa bukatar hakan ba, amma ba a tashi sai an ji labarin sama a wannan gefen: rashin kyawon yanayi a Dakar yana cikin dalilan da suka sa aka ɗaga tashin Challenger cikin kwanakin da suka gabaci hatsarin. Tarayyar Sobiyet ta yi nata, Buran, wanda ya sauka da kansa ba matuƙi ran 15 ga Nuwamba 1988, amma tafiyarsa ɗaya tak, kuma shirin dawo da matunkuɗan rokarsa ya tsaya a takarda. Darasin da mafi yawan injiniyoyi suka ɗauka daga wannan zango shi ne cewa dawo da roka ya fi yar da ita tsada. Wannan ra'ayi ya yi mulki har shekarun 2010.

5. Daga DC-X zuwa Disamba 2015

Ran 18 ga Agusta 1993, a White Sands cikin hamadar Amurka, wata ƙaramar roka mai tsawon mita 12, DC-X ta kamfanin McDonnell Douglas, ta tashi, ta tsaya cak a iska, ta gusa gefe, ta sauko a tsaye a kan wutar injunanta. Ta yi tashi 12 gaba ɗaya. A na ƙarshe, cikin Yuli 1996, ƙafa ɗaya ta ƙi fitowa, ta kife ta ƙone, aka rufe shirin. Ba ta je sararin samaniya ba, amma ta nuna cewa injin da ya ɗaga roka zai iya zama birkinta.

Kamfanin SpaceX, da aka kafa cikin 2002, shi ma da laima ya fara. A tashin Falcon 9 biyu na farko cikin 2010 matunkuɗan sun wargaje a iska tun kafin lokacin buɗe laima ya yi. Wannan ya nuna cewa matsalar tana can sama, wajen sake shigowa cikin iska da gudu, ba a mita ɗari na ƙarshe kaɗai ba. Sai aka koma ga dabarar DC-X. Cikin 2012 da 2013 aka yi ta gwada wata ganga mai ƙafafu, Grasshopper, a Texas, har ta kai mita 744 ta dawo. Sa'an nan aka riƙa amfani da matunkuɗan da aka riga aka biya kuɗinsu: bayan sun gama aikin mai kaya, maimakon a bar su su faɗo, sai a gwada sarrafa su. A Janairu 2015 ɗaya ya iso kan dandalin jirgin ruwa amma man da yake motsa fikafikansa ya ƙare, ya bugu a karkace. A Afrilu wani ya taka, ya yi tangaɗi, ya kife.

Ran 23 ga Nuwamba 2015 New Shepard ta kamfanin Blue Origin ta haura kilomita 100 ta sauko a tsaye, sai dai ita miƙewa sama kawai take yi, ba ta neman gudun falaki. Ran 21 ga Disamba 2015 matunkuɗin Falcon 9 ya tura taurari 11 hanyar falaki, ya juyo ya sauko a Cape Canaveral. Ran 8 ga Afrilu 2016 aka yi nasara a kan jirgin ruwa, ran 30 ga Maris 2017 kuma wannan matunkuɗi ɗin ya sake tashi da tauraron SES-10. A ganinmu wannan rana ta uku ita ce mafi muhimmanci, domin sai da ita aka tabbatar da cewa abin da ya sauko yana da sauran rai.

6. Yadda saukowar take

6.1. Matunkuɗin Falcon 9 ganga ce mai tsawon fiye da mita 40 da faɗin mita 3,7, da injuna 9 masu ƙona kananzir da ruwan oksijen. Yana rabuwa da gaɓa ta biyu bayan kimanin minti biyu da rabi, a tsayin kilomita 70 ko kusa, yana gudun kilomita 6.000 zuwa 8.000 a awa. Daga nan aiki huɗu ne a gabansa, cikin minti 6.

Na farko juyawa. A can babu iskar da fiffike zai kama, don haka ƙananan bututu masu fesa iskar azot ne suke juya gangar har gindinta ya fuskanci inda za ta. Idan gida za ta komo, sai a kunna injuna 3 su kashe gudun gaba su maido ta. Idan man bai isa ba, sai a bar ta ta bi bakanta zuwa jirgin ruwan da yake jiranta wajen kilomita 600 cikin teku.

Na biyu shigowa cikin iska. A nan ne matunkuɗan 2010 suka mutu. Ana sake kunna injuna 3 suna hura wuta gaba, cikin iskar da take tahowa da gudun da ya ninka na sauti. Wutar tana rage sauri, tana kuma ture iska mai zafi daga jikin gangar. Kafin Satumba 2013 ba a taɓa gwada wannan da babbar roka ba.

Na uku tuƙi. A saman gangar akwai fikafikai 4 masu raga kamar rariya, dabarar da aka daɗe da sani a makaman Sobiyet. Na farko na alminiyom ne, zafi yana cin su, daga 2017 aka koma titaniyom. Su ne suke karkata gangar ta nufi dandalin da bai wuce filin ƙwallo ba.

Na huɗu birkin ƙarshe, wanda ya fi duka wuya. A lokacin gangar ta kusa zama fanko, nauyinta bai wuce ton 25 ba, kuma inji guda, ko an rage wutarsa iya ragewa, tunkuɗarsa ta fi wannan nauyi. Ma'ana ba ta iya tsayawa a iska ta gyara zama. Idan aka kunna da wuri, za ta tsaya tun ba ta taɓa ƙasa ba ta sake yin sama. Idan aka makara, ta bugu. Dole gudun ya ƙare a daidai inda tsayin ya ƙare. Injin kuma yana karkata bakinsa nan da can don riƙe gangar a tsaye, kamar mai ɗora taɓarya a tafin hannu. Babu hannun mutum a ciki: kwamfutar rokar ce take sake lissafa hanyar a kai a kai, da irin lissafin da Behçet Açıkmeşe da Lars Blackmore suka yi aiki a kansa tun suna neman yadda za a saukar da na'ura a duniyar Mars.

6.2. Wannan iko yana da farashi. Man birki, da ƙafafu, da fikafikai, duka daga rabon mai kaya ake cire su: Falcon 9 tana iya kai ton 22,8 falaki na kusa idan an yar da matunkuɗi, amma wajen ton 17 idan zai sauko a teku. Cinikin yana biya ne kawai idan tashin yana da yawa kuma gyaran kaɗan ne, abin da kumbon je-ka-ka-dawo ya rasa. Cikin 2024 rokokin Falcon sun tashi sau 134, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. A Afrilun wannan shekara matunkuɗi guda ya cika tashi 20, a Agustan 2025 wani ya cika 30.

6.3. Mataki na baya-baya shi ne Super Heavy, matunkuɗin Starship, mai tsawon mita 71 da faɗin mita 9 da injuna 33. Yana ƙona iskar metan, wadda ba ta barin baƙin hayaƙi cikin inji kamar kananzir. Ba shi da ƙafafu. Ran 13 ga Oktoba 2024, minti 7 bayan tashinsa daga Boca Chica a Texas, ya komo hasumiyar da ya tashi daga gare ta, wasu manyan hannuwa biyu na ƙarfe suka cafe shi a iska. Hikimar ita ce a bar nauyin kayan sauka a ƙasa, inda lissafin Tsiolkovski ba ya cajinsa. Ran 13 ga Nuwamba 2025 New Glenn ta Blue Origin, mai ɗauke da sunan mutumin da ya hango ƙurar Kano, ta saukar da matunkuɗinta a kan jirgin ruwa a tafiyarta ta biyu. Aikin dai bai kammala ba: gaɓa ta biyu ta Falcon 9 yar da ita ake yi, har ƙarshen 2025 ba a sake tashin gaɓar sama ta Starship ba, kuma Ariane 6 ta Turai, da ta fara tashi cikin Yuli 2024, an ƙera ta ne bisa tsohon tsari.

7. Abin da ya shafe mu

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tambayar ita ce ƙasar wa. A watan Mayu na 2020 ragowar wata babbar rokar Sin, Long March 5B, da aka bari ta dawo ba sarrafawa, ta zubo da guntaye a ƙauyukan tsakiyar Kodibuwa, har da bututu mai tsawon mita 12. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yarjejeniyar duniya ta 1972 ta ɗora alhakin irin wannan ɓarna a kan ƙasar da ta harba, amma manomin da ƙarfe ya faɗo wa a gona ba shi da hanyar kai ƙara sai ta hannun gwamnatinsa. Bambancin faɗowa da saukowa ke nan ya zama batun shari'a.

Ta ɗaya gefen, arahar tashi ta buɗe ƙofa. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa cikin 1974, ta daɗe tana dogara da hotunan taurarin wasu don bin damina da kiwo, labarin da yake da amfani ga mai noman rani a Jiratawa kamar yadda yake ga makiyayi. Najeriya ta kai tauraronta na farko cikin 2003 a kan rokar Rasha. A Agustan 2024 Senigal ta kai ɗan ƙaramin tauraronta, Gaindesat-1A, wanda injiniyoyinta suka ƙera tare da jami'ar Montpellier, a kan Falcon 9, cikin lodi ɗaya da taurari fiye da 100, kamar fasinjan motar haya. A Afrilun 2025 aka buɗe hukumar sararin samaniya ta Afirka a Alƙahira. Sai dai ƙofar tana hannun kamfanoni ƙalilan na ƙasa ɗaya, kuma mai ƙofa shi yake yanke farashi, shi yake da ikon rufewa. Cikin 1962 muna ba da fili a saurari kumbo yana wucewa. Cikin 2025 muna biyan kuɗin wata. A duka biyun ba mu cikin masu yanke shawara, kuma mai son shiga cikinsu sai ya fara da fahimtar yadda abin yake aiki.

Kammalawa

Mun ga zango uku. A na farko an bar matunkuɗi ya faɗo, aka nemi hamada ko teku. A na biyu laima ta ba da ikon sauri kaɗai. A na uku inji da lissafi sun ba da ikon sauri da lokaci da wuri. Ga masu shirya littattafan makarantun harshe biyu, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, da ɗaliban kimiyya na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, muna ba da waɗannan kalmomi don a tattauna:

gaɓa : étage
matunkuɗi : premier étage, propulseur
falaki : orbite
garkuwar zafi : bouclier thermique
fiffike mai raga : ailette en grille
faɗowa : retombée non contrôlée
saukowa : retour contrôlé
mai maimaita tashi : réutilisable

Za a lura cewa a layi na shida da na bakwai Faransanci yana bukatar kalma biyu ko uku inda Hausa ta wadatu da ɗaya. Saura batun harba. Ga gaɓar da ake yarwa kalmar tana nan daram. Ga matunkuɗin da ya je ya dawo sau 30 kuwa, mun fi ganin dacewar tashi da sauka, kamar yadda ake faɗa wa jirgin sama, amma wannan hukunci bakin jama'a ne zai yanke shi, kuma ya kamata a bi shi da bincike a gidajen rediyon Maraɗi da Katsina.